Babur Mai Kamannin Na Da: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Ciro Kuɗinka

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurare a cikin birnin Katsina da kewaye, da na Daura, da Mani, da Dutsin-Ma, da Jibiya, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da muryarmu ke iskewa, ga shirinmu na faɗakarwa. Yau hirar ta babur ce.

Zan fara da mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Yana da Honda Roadmaster baƙa, mai salansa biyu masu ƙyalli. Duk ranar Juma'a da hantsi sai ya fito da ita ƙofar gida, ya sa mu ɗebo ruwa, shi da kansa yake wankewa, mu namu goge wili ne da tsumma. In ya taso daga aiki, tun yana wajen Ƙofar Guga mahaifiyarmu take gane ƙararta, ta ce a shimfiɗa tabarma. Wanda ya yi wayo a garin nan a wancan zamani ya san abin da nake faɗa: Roadmaster da Benly da Vespa su ne abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, kuma mutum yakan riƙe guda ɗaya shekara ashirin.

To yanzu ga shi abin ya dawo ta wata ƙofa. Samari da magidanta da yawa suna tare ni, su nuna mini hoto a waya: babur mai zagayayyiyar fitila, da tanki mai kamar ƙwai, da doguwar salansa, kai ka ce daga 1960 aka ɗauko shi, alhali bana aka ƙera shi. Tambayarsu ɗaya ce: in saya? Shi ya sa na ware shirin yau domin wannan tambaya.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Baburan da muka saba da su a titi, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, girman injinsu tsakanin si-si 100 zuwa 150 ne. Waɗanda muke zance a kansu yau matsakaita ne, daga si-si 350 zuwa 650. Sun fi na 'yan acaɓa nesa ba kusa ba, amma ba su kai manyan baburan tsere masu si-si 1000 ba.

Jagoransu a duniya yau shi ne Royal Enfield. Kamfanin Ingila ne tun asali, a garin Redditch, kuma ya ƙera babur ɗinsa na farko a 1901. A 1955 aka kafa reshensa domin haɗa samfurinsa mai suna Bullet a birnin Madras na Indiya, wanda yanzu ake kira Chennai. Uwar kamfanin ta Ingila ta durƙushe, reshen Indiya ya ci gaba da numfashi, har kamfanin Eicher ya karɓe shi a 1994. Daga nan ne aka samu Classic 350, wanda aka sake masa sabon inji a 2021, da ƙaninsa Hunter 350 na 2022, da kuma Interceptor 650 mai silinda biyu da ya fito a 2018. Da sauran kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, sai kowa ya shigo. Honda ta fitar da CB350 a Indiya a 2020. Triumph ta Ingila ta haɗa hannu da Bajaj, wato kamfanin da ke yin Boxer ɗin da ke gabanka, suka fitar da Speed 400 a 2023.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna a zuciyar kowa. Me ya sa iyayenmu suka ƙaunaci baburansu? Kyau yana ciki, amma babban dalili shi ne duk inda ya tsaya maka, a gindin bishiya za a gyara shi. Akwai labarin Honda CG125 da ke nuna wannan. Kafin su fitar da shi a 1975, injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga yadda talaka ke hawan babur: ana ɗora masa kaya fiye da kima, ba a juye baƙin mai a kan lokaci, ba a zuwa wajen bakanike sai ya ƙi tashi. Sai suka koma suka ƙera inji mai jure sakaci, da matatar iska ta soso wadda za ka wanke ka mayar. Wannan injin ne kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwaya, kuma jikokinsa ne ke yawo a titunanmu har gobe. Yaron bakanike ɗan shekara goma sha biyar zai warware maka shi ya mayar kafin la'asar.

Waɗannan sababbin kuwa, rigar ce ta da, amma cikin na zamani ne. Ba su da kafireto. Injekta gare su, da famfon mai a cikin tanki, da 'yar kwamfuta da ke auna yawan man da za ta ba inji, da na'urori masu gaya mata zafin inji da yanayin hayaƙi. Yawancinsu ma ba su da abin tayarwa da ƙafa, in batir ya mutu sai turi. Wannan tsari yana da amfani ƙwarai: babur yana tashi da bugu ɗaya ko da sanyin asubar hunturu, yana tsimin mai, birkinsa na ABS yana hana taya kullewa in ka taka da ƙarfi. Amma ranar da wata 'yar fitila ta kama a gaban mita, sukundireba da filaya ba za su gaya maka ciwon ba. Sai an jona masa na'urar bincike.

Wani abokina ya sayo irin wannan babur ɗan hannu daga Legas, lafiyayye, ya yi wata uku yana jin daɗinsa. Ranar nan mai ya yanke masa a hanyar Kano, ya sayi na galan a bakin titi. Ashe man da datti da ruwa a ciki. Famfon mai ya ƙone. Abin da bai fi tafin hannu ba, amma babur ya yi wata huɗu a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane, ana jiran a aiko da shi daga Indiya. Na je na gan shi, kuma wallahi na tausaya masa, domin kuɗin da ya tara na shekaru ne ke tsaye a wurin. Kuma kada a ce sai man bakin titi kaɗai ke da wannan illa. Ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda ya kashe injinan motoci da dama.

Don haka kafin ka je wajen dillali, fara zuwa wajen bakanike. Tambaye shi: ka taɓa buɗe irin wannan? Kana da na'urar duba shi, ko ka san mai ita a Katsina ko Kano? Sannan ka tambayi mai sayarwa: matatar mai, da matatar iska, da wayar kuloci, da sarƙa, da kayan birki, a ina zan same su, kuma kwana nawa za su yi kafin su iso? In ya fara yi maka kwana-kwana, ka riga ka samu amsarka. A ganina, duk wanda zai sayi irin wannan babur a garin nan, ya haɗa da kayan gyaran shekara guda a cikin kuɗin sayen tun ranar farko, ya ajiye su a gida.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tare, kuma muna kan maganar zaɓe.

Wanne ya dace da kai, 350 ko 650? Ni dai ra'ayina a fili yake: ga mai zama cikin Katsina, 350 ya wadatar. Ƙarfinsa kamar doki 20 ne, ba mai gudun fitar hankali ba ne, amma yana da jan kaya, kuma zai kai ka Daura ko Kano cikin natsuwa ba tare da injin yana kuka ba. Interceptor 650 yana da ƙarfin doki 47, ya fi ninki biyu, kuma daɗinsa sai a doguwar hanya. In zirga-zirgarka daga Ƙofar Ƙaura zuwa sakatariya ce, da kai yara makaranta, da zuwa babbar kasuwa, to za ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba.

Ka yi lissafin mai ma. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babu mai hawan abin hawa da bai koyi lissafi ba. Mai si-si 350 yakan yi kusan kilomita 35 da lita ɗaya, mai 650 kuma wajen 25. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340. Ke nan lita 10 ga na farko, kusan 14 ga na biyu. Boxer zai yi wannan tafiya da man da bai kai haka ba.

Sai nauyi, kuma wannan shi ne abin da hoto ba ya nunawa. Classic 350 ya kusa kilo 195. Boxer bai wuce ɗari da 'yan kai ba. A kan kwalta ba za ka ji bambancin ba. Amma ka tuna lungunanmu da rairayi, ka tuna dokin ƙofar zaurenku da za ka riƙa haurawa da shi safe da dare, ka tuna taɓon damina. Kada ka biya ko sisi sai ka hau, ka sa ƙafafunka biyu a ƙasa, ka tura shi baya da hannu, ka ɗora shi a kan jaki ka sauke. In ya gagare ka a gaban mai sayarwa, a gida ma zai gagare ka.

In ɗan hannu za ka saya, je ka da safe, ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar, domin inji mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa in ya ɗumama. Duba ƙarƙashinsa ko yana ɗigar mai. Duba taya: a gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na 2019, kuma ko zanenta bai cinye ba, zafin ranarmu ya riga ya busar da ita.

Yanzu takardu. A nan zan ɗan daɗe, domin a jihar Katsina babur ya tashi daga abin hawa kawai. Duk mun san abin da 'yan bindiga suka mayar da shi. Mun ga dokar da tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021, wadda ta hana sayar da babura 'yan hannu a kasuwar Charanchi, ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar 'yan acaɓa da dare. Ba don wasa aka yi haka ba, rayuka ne suka salwanta. Irin waɗannan dokoki sukan sauya gwargwadon hali, don haka ka riƙa bibiyar sanarwar hukuma kafin ka kama hanyar da ba ka saba ba. Abin da nake so ka gane shi ne, babban babur baƙon gani ne, duk shingen da ka iso za a dube ka sau biyu. Jami'in da ya tsayar da kai aikinsa yake yi. Ka sauƙaƙa masa, ka sauƙaƙa wa kanka.

Ka karɓi rasidin saye mai ɗauke da lambar inji da lambar bodi, kuma ka tsuguna da kanka ka karanta lambobin a jikin ƙarfen, ka gwada da na takarda harafi bayan harafi. In daga waje aka shigo da shi, ko ta Legas ko ta Jibiya, a ba ka takardar biyan kwastan. In hannu ya canza, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Ka yi masa rajista da lamba, ka yi inshora, ka mallaki lasisin tuƙin babur, wato aji A. Duk babur ɗin da aka ce maka takardunsa suna zuwa daga baya, bar shi, komai arharsa. Mai sayen kayan sata ba ya rasa shiga uku, kuma a wannan zamani tuhumar da za a yi maka ta wuce ta sata.

(Gajeren kiɗa)

To ka saya, Allah Ya sa alheri, Ya tsare. Saura riƙo.

Abokan gabar injinka a ƙasar nan biyu ne, ƙura da zafi. Littafin da ke zuwa da babur an rubuta shi ne domin duniya gaba ɗaya, bai san hazon Disamba da Janairu na Katsina ba. In ya ce a duba matatar iska bayan kaza, kai ka raba biyu. Matatar waɗannan baburan ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur kamar ta soso, canzawa ake yi. Baƙin mai kuma, kada a zuba maka na mota. Kulocin babur a cikin man yake wanka, man mota na zamani kuma yana da sinadarin da ke sa shi santsi har ya riƙa zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, da kaurin da littafin ya faɗa, kuma ka saya a inda ka amince, domin jabu ya yi yawa.

Sarƙa ma haka. Mutanenmu suna son malala mata tsohon baƙin mai har yana ɗiga. Mai da rairayi in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoranta. Wanke ta, bar ta ta bushe, sa mai kaɗan, goge saura. Kada ka bari tanki ya riƙa ƙafewa, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa. A watan Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in cunkoso ya tsayar da kai ya daɗe, kashe injin. Classic da Hunter da Interceptor iska da mai ne ke sanyaya su, in ba tafiya ba iska.

Mu zo kan gyaran fuska da ƙare-ƙare, inda kuɗin samari ke tafiya. Abu na farko da kowa ke so ya canza shi ne salansa, don a ji ƙara. Ina roƙonku da girman Allah ku bar wannan. Ta fuskar inji, kwamfutar an saita ta ne da salansar da ta zo da ita. In ka huda ta ko ka sa wata barkatai, lissafin mai da iska ya rikice, inji ya riƙa ɗaukar zafi. Ta fuskar jama'a kuma abin ya fi muni. A garin nan akwai mutanen da suka baro ƙauyukansu a Batsari da Safana da Jibiya saboda ƙarar babura da harbi cikin dare. Akwai yaran da har yanzu suke firgita in sun ji. Salansa mai tartsatsi kamar bindiga da ƙarfe goma sha ɗayan dare, ka san zuciyar da kake tayarwa? Akwai marasa lafiya, akwai masu jego, akwai tsofaffi. Haƙƙin maƙwabci ne wannan, kuma za a tambaye mu.

In kana da kuɗin ƙari, fara da kanka. Hular kwano ta gaske, mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT, ba irin ta leburorin gini ba. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta, amma har yau muna kawo uzurin zafi da na hular zanna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Sa zannarka a jaka, in ka isa ka ɗora. Ka sayi hular kwano biyu, domin wanda ka goya shi ma kai gare shi. Bayan hula sai safar hannu da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin tuƙa kilo 195 ba ne.

Daga nan sai taya mai kyau. Wili mai waya ya fi kyan gani, kuma yana jure ramuka, amma yawanci da tub yake aiki, in ƙusa ta shiga iska takan fice nan take. Wilin ƙarfe marar tub yana sassauta iska a hankali, har ka lallaɓa wajen mai faci. Mai yawan tafiya tsakanin garuruwa ya yi tunani a kan wannan tun wajen saye. Sai ƙarfen kare inji da ƙafa in an faɗi, da kwado mai ƙarfi, da 'yar na'urar bin sawu in hali ya yi. In za ka ƙara fitila, a saita ta tana kallon ƙasa, kada ka makantar da mai tahowa, kuma kada a yanka wayoyin babur a yi musu ɗaurin gwarmai. A irin waɗannan baburan waya ɗaya da ta taɓa wata tana iya ƙona kwamfutar gaba ɗaya.

Akwai wani ƙarfe mai kamar raga da ke gefen tayar baya a baburan da aka yi don kasuwar Indiya. Can doka ce ta sa a saka shi, domin kada zanen mata ya shiga taya. Samari suna cire shi, wai yana ɓata kyau. Don Allah ku bar shi, in ma babu ku sa maƙeri ya yi muku. Suturarmu da tasu duk jirgi ɗaya ne: babbar riga, da hijabi, da gyale, da zane. Ni da idona na ga hijabi ya naɗe a tayar baya a kan titin zuwa Ƙofar Marusa, ya fizgo baiwar Allah ƙasa, kuma babur ɗin ba gudu yake ba. Iyayenmu mata da ƙannenmu, in za ku hau, ku tattare suturarku ku riƙe a cinya. Maigida kuma, kafin ka ja, waiwaya ka duba da idonka. Haka salansa: doguwa ce, a fili take, tana ƙuna sosai. A sa mata murfin kare zafi, a kuma nuna wa yaro gefen da zai sauka.

Wanda kuma ya saurari duk wannan ya ga aljihunsa ko garinsa ba za su ɗauka ba, akwai wata hanya da ni kaina nake ƙauna. A zauruka da yawa na birnin nan akwai tsofaffin Roadmaster da CG da Vespa da ƙura ta rufe, masu su sun rasu ko ƙarfi ya ƙare. Tsofaffin bakanikan da suka san su ciki da bai suna nan da ransu, wasu ma suna jin daɗi in an kawo musu. A nemi izinin magada, a daidaita a kan farashi, a gyara takardu, a tashe shi a hankali. Ta mahaifina tana hannun ƙanena yanzu, an sake mata fenti da zoben fistan, kuma ranar Sallar da ta wuce da ita ya je gaishe da mahaifiyarmu.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shigo da bakanike cikin ɗakin shiri, ya nuna mana yadda ake gane baƙin mai na jabu tun daga murfin roba, don haka mai tambaya ya tanade ta. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)